Waƙar Goyonka a Rediyo

Maigidana Habibu,

Sallama da gaisuwa. Ya jikinka, ya aiki, ya Zainabu da yara? Mu lafiya lau, ruwa ya janye daga fadama.

Ka tuna waƙar da nake yi maka a goye ina bandar kifi, wadda ka ce ta ƙauye ce? Maƙwabciyata Malama Rifkatu ta ɗauka a waya, masu tura waƙa a kasuwa suka yaɗa ta har Guri. Jiya aka sa ta a rediyo, wai ba a san mai ita ba. Ni? Na sa aka kira su, na faɗi sunana. Suka tambayi wane ne yaron da ke jiƙa zani a waƙar, na faɗi naka.

Ka yi mini addu'a muryar ta ɗore. Gaida kowa.

Kakarka,
Iya Tabawa