Wando Mai Zif a Gwiwa

Litinin, 3 ga Maris

Zan je saro kayan shago da kaina, in sha Allah. Tun da aka yanke min ƙafa Yaya ke zuwa, kuma kullum sai ya kwaso abin da ba mai saye. Na faɗa masa yau. Ya dubi ƙafar roba da ƙarfe da aka sa min ya ce, "Kwana a mota fa, ƙanena." Na ce ai ba a kaina zan ɗauki motar ba.

Laraba, 5 ga Maris

Matsalar wando ce. Nawa duk sun matse a gwiwa, in dungulmin ya kumbura ba halin sassauta ɗaurin ƙafar robar sai na tuɓe gaba ɗaya. A cikin mutane? Tela ya yanka min kuɗin ɗinkin sabo da ya kusa na mota. Na yi masa sallama.

Maman yara ta ce in karɓi na Yaya, yana da masu faɗi. Sandarsa ce a hannuna, kuɗin asibiti nasa ne. Wando kam a'a.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba ta yi min magana ba yau. Jakar tafiyata dai ta wanke.

Asabar, 8 ga Maris

Layin 'yan gwanjo. Na zauna a benci na sa mai kayan ya zazzage dila. Abin da nake so: mai duhu saboda datti, mara nauyi, wanda zan wanke ya bushe kafin safe, ba ruwansa da guga. Na riƙa dunƙule kowanne a hannu ina sakewa, wanda ya yamutse in ajiye.

Can ƙasa na samu ruwan toka, aljihu har da na cinya, ga zif zagaye da gwiwa. Mai gwanjo ya ce, "Cirewa ake yi, ya koma gajere." Na ce zan buɗe dai in zura hannu, amma ba mahaluƙin da zai ga ƙarfen nan. Mun ja ciniki har ya ce na fi masu ƙafa biyu taurin kai. Na yi dariya, ban so ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Maman yara ta ƙara ɗinke maɓallin wandon ba tare da na roƙa ba. Gobe.

Talata, 11 ga Maris

Na iso, na yi sari, kaya suna tasha.

A hanya ƙafar ta kumbura sosai, zura hannu bai isa ba. Na cire ƙafar wandon ɗungurungum na cusa a jaka. An kalla. Tsohuwar da ke gefena ta ce, "Ɗana, miƙe ta nan," ta janye kwandonta. Na miƙe.

Da muka sauka ban mayar ba. Haka na zaga kasuwa duk yini, ƙarfe a waje. Zafi ne ya yi yawa, ba wani abu ba.

Na kira Yaya ya tare ni a tashar garinmu in na dawo. Kayan da nauyi.