A Cire Taken Mijina Daga Majigin Ƙudaje

Zuwa ga Baturen da ke kula da motar majigi ta Lardin Sakkwato, da malaman da ke aiki ƙarƙashinsa.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Ni ce Hajo, matar marigayi Alu mahauci na Ƙofar Rini. Da ajami na rubuta, na sa anka juya maka da boko, na kuma yarda a karanta ta gaban kowa, don a gaban kowa anka yi mana abin.

Na farko, in tuna maka yadda anka fara. Bayan Sallar layya ta bara, malaminka Garba ya yi sallama ƙofar gidanmu. Ɗan unguwarmu ne, a zaurenmu ya yi wayo. Ya ce kuna neman kiɗan kalangu marar waƙa, wanda za a ɗauka a faifai a riƙa sawa ƙarƙashin hoto. Ya ce hoton na tsabtar nama ne, akwai mahauci mai tsabta da mahauci ƙazami, kuma taken Alu kan mai tsabtar za a ɗora. Tsoho Nabube, makaɗin gidanmu tun zamanin surukina, ya ce ba ya bugawa sai da yardata.

Ni ba ma'abociyar kiɗa ba ce, ranka shi daɗe. 'Yan mata nake koya wa allo a tsakar gida. Na jinkirta, na yi istihara, na tambayi malamin unguwa. Daga baya na ce to, saboda Alu mutum ne da ba ya aza wuƙa sai da bisimilla, ba ya barin nama a buɗe, na ga bai kamata a manta da hakan ba. Ban karɓi komai ba, ban kuma nema ba. Alkawari kawai na karɓa.

Na biyu, abin da kunka yi. Ran da mota ta tsaya filin bayan gidanmu ban fita ba, ban taɓa fita kallo ba. Ina kan tabarma sai na ji kalangu ya haura katanga. Rabona da jin taken nan tun Alu na raye. Na ajiye tasbaha, hawaye sunka zubo, na ce alhamdu lillahi, Garba ya cika magana. Ban rufe baki ba sai dariya ta tashi, dariyar fili guda, har da shewa. Washegari ɗana Mu'azu, wanda ya gaji teburin ubansa a kasuwa, ya gaya mini kan wa kunka ɗora kiɗan: kan ƙazamin, yana gudu yana kora ƙudaje da hularsa, mutane na riƙe ciki suna faɗuwa.

Na uku, wataƙila ba a gaya maka ba, don haka ni zan gaya maka. An ce ka saurari faya-fayan, ka ji wanga na da sauri da tsalle, ka ce shi ya dace da wurin ban dariya, tunda ba waƙa a ciki. A nan garin ba kiɗan da ba magana a ciki. Take suna ne. Abin da kai ka ji ƙara, mu ji muke ganga na cewa Alu na Hajo, wuƙarka da bisimilla. Tsohuwar da ba ta gani ma ta san da wa ake. Mutumin cikin hoto ba ɗan ƙasar nan ba ne, ba wanda ya san shi, amma kiɗan ya raɗa masa sunan mijina, da nawa.

Kai baƙo ne, ina yi maka uzurin rashin sani. Garba fa? Yana tsaye riƙe da abin magana yana fassara hoto, taken na tashi bayansa, bai hana ba. Na aika masa, ya ce ba ya iya musu da Bature. Da ya zo neman yardata bai ce mini haka ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Matan da ke aiko wa Mu'azu kwano tun zamanin ubansa sun koma wani tebur. In ya wuce, samari na buga masa taken da baki suna kaɗa hula. Nama na kwana, shi ko ba ya sayar da kwantai, sai ya rabar. Nabube ya sassauta tsarkiyar kalangunsa ya rataye, ya ce hannunsa ne ya zagi ubangidansa. Yanzu na ji mota za ta zaga ƙauyuka, inda Alu ya yi shekaru yana sayen dabbobi, inda ake ba shi bisa amana.

Ga roƙona. A cire faifan kafin mota ta bar gari. A koma filin nan, Garba da bakinsa, da abin maganar nan, ya shaida wa jama'a cewa kuskure anka yi, Alu bai taɓa sayar wa kowa ƙazanta ba. Mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Ganga ce bakin da ya rage masa, ita kuma kunka sa ta yi masa shaidar zur.

Faifan kuwa, kada a fasa shi. A kawo mini. Ba ni da garmaho, ba zan kuma nema ba. Zan naɗe shi da zane in sa cikin adakar Alu, kusa da wuƙarsa, inda ba wanda zai ƙara yi masa dariya.

Allah shi ba ka ikon gyara, shi tsare sunanka bayan ranka kamar yadda nake roƙon a tsare na mijina. Garba kuma Allah shi shirye shi; ban kai ga yafewa ba tukuna, ba ni kuma yin ƙarya a takarda.

Wassalam.

Hajo, matar marigayi Alu,
Ƙofar Rini, Sakkwato.