Jan Fenti a Ƙofarmu

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya yara? Mu duk lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai akwai 'yar magana. Unguwar nan da muka kafa a bakin kogi, yanzu gidajenta sun haura ɗari biyar. Shekaranjiya ma'aikatan gwamnati suka bi ƙofofinmu suna shafa jan fenti, alamar mu tashi. Wai ƙasar da ruwan ke gangarowa daga cikinta za ta buɗe dam nan da mako biyu.

Na tambayi babbansu, "Ranka ya daɗe, ina za mu koma?"

Ya ce, "An yanka filaye a kan tudu, amma na 'yan ƙasa ne. Kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Ɗan kogin nan ne. Shi na sha a gida, shi nake sha a nan."

Ya yi dariya, ya wuce gidan gaba.

Ni ba komai, ko a shagon ɗinkina da ke cikin gari na zauna. Amma ƙanwar taka, matata, ta shiga watanta, ba za ta iya jijjigar mota ba. Don Allah ka roƙi Kawu ya taho da jirginsa mai inji kafin ruwa ya ƙaru. Ku ma ku yanke shinkafar fadama ko ba ta gama nuna ba, don in ruwan ya gama da mu, ku zai nufa.

Kada Inna ta ji. Ka ce mata haihuwa kawai za ta zo yi a gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka