Tabon da Ke Kan Ɗan Kafinta

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naki, ya ƙafar? Allah ya sa kina shafa maganin, ba ɓoye shi kike yi saboda baƙi ba. Ni lafiya lau, shagon aski yana tafiya.

Inna, wani abu ya tsaya mini a rai. Kafintan da ya ba ni hayar shago yana da ɗa ƙarami, bai daɗe da shiga makaranta ba. Duk layin nan mai taurin kai ake ce masa. A kira shi ba ya juyowa, a aike shi ya kawo wani abu daban. Uban kuwa hannunsa ya saba da guduma, ranƙwashi ɗaya sai yaron ya durƙusa. A makaranta ma bulala ce.

Kin san mai aski yana ganin abin da gashi ya rufe. Duk sanda na sauke masa suma, sai na tarar da sabon kumburi kusa da tsohon tabo.

To ga abin da na lura. Duk yaron da na kunna wa injin aski a bayan kunne sai ya ɗage kafaɗa, wani ma ya fasa ihu tun ban taɓa shi ba. Wannan ko gezau, sai ƙarfen ya sauka a fatarsa yake zabura. In ina magana kuma, bakina yake kallo a madubi. Inna, ina zaton yaron nan ba ya ji sosai. Dukan banza yake sha.

Ban san ta inda zan ɓullo wa uban ba. Ba a yi masa gyara a kan iyalinsa, ga shi rufin da ke kaina nasa ne. Ki sa ni a addu'a.

A gaida su Gwaggo.

Ɗanki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, kin ce in bi a hankali. Na bi.

Na jira har ranar da kafinta ya zo gyaran gemu tare da yaron. Ina cikin gyaran sai na tsaya, na roƙe shi ya tashi ya riƙe mini injin. Na zaunar da ɗan tela maƙwabcinmu, na ce ya kunna a bayan kunnensa. Ɗan tela ya yi tsalle kamar an watsa masa ruwan sanyi, har kafinta ya yi dariya. Sai na zaunar da nasa ɗan, na juya shi ya ba madubi baya. Ya kunna. Yaro yana ta wasa da mataji. Kafinta ya kira sunansa a hankali, ya sake kira da ƙarfi. Shiru.

Inna, mutumin nan ya ajiye injin, ya daɗe yana kallon bayan yatsunsa. Ya ja ɗansa suka fita, gemu rabi a gyare rabi a tsaye. Na ce shi ke nan, in fara ɗaure kayana.

Washegari bai buɗe wajen aikinsa ba, ashe asibiti suka tafi. Likita ya tabbatar, an sa wa yaron ƙaramar na'ura a kunne. Uban da kansa ya je makaranta, aka mai da yaron bencin gaba, aka daina bulalar. A layi kuma ya ja kunnen kowa. Yanzu in zai yi masa magana, sai ya ajiye zarto, ya zagayo ta gabansa, ya dafa kafaɗarsa. Ni kuwa, ƙofar shagona da ta daɗe tana cijewa na tarar an fere ta.

Jiya yaron ya zo aski. Da na kunna inji ya ɗage kafaɗa, ya juyo yana harara ta. Na aske kan tas, na duba daga goshi har ƙeya. Tsofaffin tabon suna nan, amma babu sabo ko ɗaya. Inna, tun da na kama sana'ar nan ban yi askin da ya kai wannan kyau ba.

Ki huta lafiya, ki shafa maganin.

Ɗanki,
Auta