Lauya Ta Ce Ba Ta Ga Alamar Ina Kewar Matata Ba

Anti Sa'adiya, don Allah ki taimake ni. Lamarin ya kai inda ba zan iya kai shi majalisar abokai ba, don dariya kawai za su yi mini.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Levenshulme, wata unguwa a Manchester ta Ingila, ina da takardar zama na dindindin. Matata Hajo ta yi ta fama in nemi fasfon ƙasar kamar yadda ta yi ita da yara, ni kuwa na ce saurin me ake? Da council, wato ƙaramar hukumar da nake wa aiki, suka rage ma'aikata aka haɗa da ni, a daidai lokacin kuma mahaifiyata ta kwanta ciwo a Gombe. Na taho da 'yar jaka da niyyar sati shida. Yau shekara biyu da wata biyar. Inna ta warware, alhamdulillahi, har faɗa take yi da masu awo. Ashe duk wanda ya wuce shekara biyu a waje, takardarsa ta mutu. Ba wanda ya gaya mini. To, wataƙila Hajo ta faɗa ban saurara ba.

Ofishin ba da shawara kyauta na unguwarmu an rufe shi, sai abokina Abdulsalami na Birmingham ya haɗa ni da wata lauya, Catherine. Ta ce sai na kawo hujjar cewa rayuwata tana Ingila, hotuna da iyali, saƙonni da makamantansu. Anti, ni Bafulatani ne. A gidanmu namiji ba ya tsayawa kusa da matarsa a ɗau hoto. Hoto ɗaya gare mu da Hajo, na ranar suna, shi ma akwai firij a tsakaninmu. Saƙonninmu kuwa, kullum in tambaye ta lafiya, ta ce lafiya, shi ke nan. 'Yata ta fari, kin san ba ma faɗin sunan ɗan fari, Wance na sa mata a waya. Amma ni da Abdulsalami saƙo ya fi dubu uku, ƙwallo da siyasa da kilishi. Catherine ta ce in takardun nan kaɗai za a duba, Abdulsalami ne iyalina.

Yanzu wai in rubuta wasiƙa in bayyana yadda nake kewar matata, kuma Hajo za ta gani, don ita ma za ta rubuta tata. Wallahi gara in sake jarrabawar tuƙi sau uku. Ta yaya zan rubuta cewa shayi ba ya yi mini daɗi in ba ita ta haɗa ba? Ko cewa kowace safiya ina duba hasashen yanayin Manchester, ina tunanin ko ta ɗauki lema kafin ta fita jiran bas ɗin Oxford Road? Har mitarta a kan safar da nake yarwa a falo nake kewa. 'Yar tawa ta fari za ta gama jami'a a watan Yuli, ta ce an ajiye mini kujera a bikin yaye su. Ina tsoron ranar ta zo kujerar babu kowa.

Mai Kewar Stockport Road, daga Gombe

Malam, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Lauyarka tana da gaskiya. Ma'aikacin da zai duba takardunka bai san kunyar Fulani ba, abin da ke gabansa yake karantawa. Akwai bizar komawa ga wanda ya taɓa samun zama na dindindin, amma ba a ba da ita sai da hujja. Ka tattara takardun asibitin Inna, su ne dalilin daɗewarka. Ka haɗa da takardar aure, takardar haya mai sunayenku, wasiƙun makarantar yara da rajistarka a GP, wato likitan unguwa. Kada ka ƙirƙiri komai, hoton nan ma a tura shi da firij ɗinsa. A yi da wuri, Yuli ba nisa.

Kunyarka tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma baiwar Allah nan ta riƙe gida da yara ita kaɗai kusan shekara biyu da rabi, abin da take samu daga wajenka kalma ɗaya ce a rana. Ita ma tana da haƙƙi.

Wasiƙar da ka ce ba za ka iya rubutawa ba kuwa, ai ka riga ka rubuta ta, sai dai ni ka aiko wa. Shayi, lema, safa, duk na karanta. Ka ɓoye sunanka amma ka ambaci nata sau huɗu. Ka kwafe layukan nan yau, ka tura wa Hajo kafin Catherine. Matan Levenshulme suna karanta filin nan, gara ta ji daga bakinka.

Allah ya sa Yuli ta same ka a kan kujerar nan, kusa da matarka, ba firij.