Tayoyi Saba'in da Biyu

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Tayar gaba ta takalmi na huɗu ta sake cinyewa ta gefe guda. Simintin filin makarantar nan ba ya raga wa taya ko kaɗan.

Yau shekara biyu cif tun da Eman, 'yar ajinmu a jami'a, ta kawo min tsofaffin takalman hoki masu taya cikin buhu, waɗanda kulob ɗinsu zai zubar, ta koya min hawa da gyara a sati uku. Takalman mutum tara, yara mata goma sha huɗu. Duk Hausawan Sudan ne da yaƙi ya koro zuwa Hadayek el-Maadi, wata unguwa a Alƙahira. Da safe in koya musu karatu da lissafi, da la'asar mu fita fili da sanduna. Israa, ƙaramar cikinsu, wadda ta yi wata shida ba ta buɗe baki a aji ba, yau ita ce ke ihun "Yalla ya banat, maza 'yan mata, ku miƙo min ƙwallo!" Har na ce ta rage murya saboda maƙwabta. A raina kuwa cewa nake ta ƙara.

Talata, 13 ga Mayu

Yaya Ukasha ya kira. Kwalejin horar da malamai ta garinmu ta ba ni aikin. Ranar ɗaya ga Yuli ake so in bayyana da takarduna, in ba haka ba a ba wani.

Na ce masa zan yi tunani. Ya ce, "Tunanin me, Dije? Karatu ya ƙare tun bara. Gyaran takalmi aka tura ki Masar ki koyo?" Sai ya ba Inna wayar. Ita ba ta ce komai a kan aikin ba. Cewa ta yi an gyara rufin ɗakina, ba ya yoyo yanzu.

Idan na tafi, wa zai taɓa takalman nan? Wata ɗaya ba za su yi ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Jirgin metro daga Abbasiya, sauyi a tashar Nasser, tsayuwa har Hadayek. Dawowa ma haka. Ko hannuna ban iya ɗagawa in share gumi ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ranar gyara. Makaranta a rufe, ni kaɗai da buhun takalma a inuwar matakala.

Bari in rubuta yadda nake yi, ko don in ga yawansa. Kowane takalmi taya huɗu a jere, ƙafa biyu takwas, duka saba'in da biyu. In kwance noti da alanki, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗaure da makullin ɗakina. In juya tayar, gefen da ya cinye ya koma waje. Ta gaba ta koma ta uku, ta biyu ta koma baya. In goge ƙura da busasshen tsumma. Cikin kowace taya akwai boris biyu, waɗanda su a nan suke kira rulman bili. Shi boris ba ya shiri da ruwa. In an juya tayoyi duk sati biyu sai su kai shekara. In an bar su, wata uku sun zama kamar bakin wuƙa.

Bakhita ta iske ni a can, an aike ta sayen burodi ta hango ƙofa a buɗe. Ita ce babba a cikinsu, shekararta sha shida, ita ke tsaron raga. Ta tsuguna tana kallo. Can ta ce, "Ustaza, ba ni in kwance guda ɗaya mana."

Na ce notin ƙanana ne, in ɗaya ya ɓace shi ke nan. Ta ce ita ke zare wa kakarta ƙaya da allura. Na ce wani lokaci. Ta ce "Tamam, shi ke nan," ta ɗauki burodinta.

Talata, 27 ga Mayu

Ƙasan takalmi na bakwai ya rabu da ƙarfen da ke riƙe tayoyi. Na kai wa Baba Mazin, dattijon da ke gyaran keken ɗinki a bakin layi. Shi ma Bahaushen Sudan ne, daga Kassala. Gam na ce ya sa. Ya yi dariya, ya ce gam da zafin Alƙahira ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ya huda, ya ɗaure da noti huɗu, ya bi kawunansu da guntun fata don kada su ci ƙafar yarinya.

Ya daɗe yana jujjuya takalmin a hannu. Ya ce, "'Yata, wanda ya yi wannan bai yi ha'inci ba. Fatar nan za ta fi ki daɗewa a Masar."

Na ce masa ai ni ma ina nan. Ya dube ni ta saman tabarau.

Asabar, 31 ga Mayu

Nana Aisha, wadda muke haya tare, ta ga saƙonnin Yaya bakwai ban buɗe ba. Ta ce, "Ke fa ba yaran ne suka riƙe ki ba, ke kika riƙe su." Na ce ta ji da miyar da take ƙonawa.

Wata ɗaya ya rage.

Laraba, 4 ga Yuni

An tashi hutun Babbar Sallah. Yaran sun roƙi makullin ɗakin ajiya, wai za su yi sharar Sallah. Israa sai ƙunshe dariya take yi, tana taka ƙafar Bakhita. Na ba su na taho, kaina na ciwo.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. Ta huɗu ke nan da na yi a nan. Inna ta turo hoton ragon, da ƙafar Yaya a gefe. Ban ce komai ba sai barka da Sallah.

Talata, 10 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Na shigo na tarar da su a jere a bakin ɗakin ajiya, kowa da lallen Sallah a hannu. Suka ce in rufe ido. Da na buɗe, ga takalman a kan tabarma, fes. Fatar na ƙyalli, igiyoyin farare tas, har turaren wuta suka yi musu. Ashe ranar Laraba da na tafi, baho suka cika da ruwa da omo, suka jiƙa takalman gaba ɗaya, da taya da komai, suka dirje da soso. Suka shanya a saman bene, fata ta bushe, suka mayar cikin buhu suka ɗaure. Yadda ake wa komai na gida kafin Sallah, labule da tukunya da tabarma. Kyautata ce, wai.

Na ɗauki na ɗaya na murza taya. Ba ta motsa ba. Na biyu ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Jan ruwan tsatsa ya biyo yatsana. Kwana shida ruwa na kwance a cikin boris.

Na yi faɗa. Ban taɓa yi musu irinsa ba. Na ce sun kashe aikin shekara biyu a yini guda, na ce wane mai hankali ne ke jiƙa ƙarfe a ruwa. Israa ta sa kuka ta koma bayan ƙofa. Sauran suka sunkuyar da kai, ban da Bakhita. Ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Ma'alish ya Ustaza, ki yi haƙuri. Amma mu ba mu san akwai ƙarfe a ciki ba. Ba mu taɓa ganin cikin taya ba."

 Na sallame su.

Laraba, 11 ga Yuni

Na rubuta wa Yaya cewa ba zan iya tahowa ba, takalma sun lalace duka, ba yadda za a yi in bar yara a haka. Da na gama rubutawa sai na ji wani sanyi a ƙirjina. Daɗi na ji. Takalman yara sun mutu, ni kuma na ji daɗi don na sami hujja. Astagfirullah.

A can wace ce ni? Ƙaramar malama a ofis mai mutum shida, ƙanwar Ukasha. A nan in na shigo layi tun daga nesa ake kiran Ustaza.

Ban tura ba. Ban kuma goge ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Boris ɗari da arba'in da huɗu. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya na yi sha shida, farcena biyu sun karye. Na ɗauki sauran a leda na je wurin Baba Mazin kamar mai kai ƙara.

Ya zuba ɗaya a tafin hannu, ya ce tsatsar ba ta yi zurfi ba. A jiƙa a kalanzir, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bari ya bushe sarai, sannan ɗigo biyu na man keken ɗinki. Biyu, ba uku ba, in ya yi yawa ƙura yake kira. Na ce na sani, yawan ne ya fi ƙarfina.

Ya ce, "Hannu nawa ya jiƙa su?"

Na ce ashirin da takwas.

Ya ce, "To ina suke? Ke kaɗai Allah ya ba yatsu?"

Na fara maganar noti mai ɓacewa. Ya jawo wani tsohon faranti ya miƙo min. Wai a zuba notin a ciki, khalas, magana ta ƙare.

Asabar, 14 ga Yuni

Na ba Israa haƙuri a gaban kowa. Ta ce ta yafe, amma ita za ta riƙe farantin noti. Ta zauna da shi a cinya tana hararar duk wadda ta matso.

Mun jera gwangwanayen waken ful da kalanzir a ciki a inuwar matakala. Na kwance taya ɗaya a hankali suna kallo, na ciro boris na ɗaga. Sai wata ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya sa aka zage mu?" Har ni sai da na yi dariya.

Alankin guda ɗaya ne, dole na kwance shi daga makullina ya riƙa zagayawa. Duk inda ya je idona na biye da shi.

Bakhita kuwa. Takan riƙe boris tsakanin yatsu biyu, ta murza kusa da kunne, ta ce wannan ya tashi, wannan a sake jiƙa shi, wannan ya mutu a yi masa addu'a. Na gwada ta da guda biyar da na riga na sani, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ni sai na mayar da shi cikin taya nake ganewa. Ban faɗa mata ba.

Talata, 17 ga Yuni

Ɗari da talatin da ɗaya sun tashi. Sha uku sun mutu, Baba Mazin ya samo irinsu a wurin wani mai gyaran fanka. Noti ko ɗaya bai ɓace ba. Israa ta ƙirga su sau uku da ƙarfi don in ji.

Sun hau da la'asar. Tayoyin sun fi da gudu, gaskiya. Rabona da in wanke boris gaba ɗaya tun bara, lokaci ba ya isata.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na je gyaran Juma'a kamar kullum, na tarar an riga ni. Bakhita da wasu uku, takalma a jere. Sun zana ƙafa da alli a jikin bango, da tayoyi huɗu da kibiyoyi, ta gaba zuwa ta uku, ta biyu zuwa baya. A ƙasa an rubuta da ajami da manyan baƙaƙe: BA A WANKEWA DA RUWA KO DA SALLAH CE.

Sai a lokacin na tuna tun ranar Talata alankin na wurin Bakhita.

Na zauna a matakala ba abin yi. Na ce ta ɗaure notin na uku sosai. Ta ce ta ɗaure. Na duba, ta ɗaure. Suka aike ni sayo musu ruwan rake.

A metro na yi ta laluben makullina, ina jin kamar na yar da wani abu.

Talata, 24 ga Yuni

Zafi yau ba a magana. Israa ta ci ƙwallo biyu, ta faɗi sau ɗaya, gwiwa ta ɗan kuje. Igiyar takalmi na biyu na son canji, na faɗa wa Bakhita, ta ce ta gani tun jiya. Eman ta ce za ta iya leƙo su ranar Asabar-Asabar, ni dai tambaya kawai na yi.

Bakhita ta miƙo min alankin da za mu tashi. Hannuna da littattafai, na ce ta riƙe tukuna.

Na goge saƙon nan da na rubuta wa Yaya ban tura ba, ya daɗe yana cike min waya. Na ari ma'aunin kaya wurin Nana Aisha don in ga nauyin littattafaina, ba don komai ba. Ta ɗauko ta ba ni.

Na tambayi Yaya ko akwai fili mai siminti a kwalejin. Ya ce me zan yi da siminti. Na ce ya dai duba min.