Ƙahon da Sanda ya hana ni

Daren Laraba, watan Rajab, Dandin Mahe

Barci ya ƙi. Tun da sunka zura min siririyar roba ta wuyan hannu har zuciya a Sakkwato, jijiyar wurin ta daina bugawa. Likita yac ce jini ya daskare ya toshe hanya, ya ba ni maganin tsinka jini. To, mataccen jini ai aikin wanzami ne! Haka ubana ya yi, haka kakana.

Da hantsi na miƙa wa Sanda wanzami hannu. Yac ce, "Baba Alu, ɗiyarka Hajo ta riga ka zuwa. Wai da wannan magani a jikinka, in na tsaga ka jinin ba ya tsayawa."

Nac ce, "Ni da na ci naman sunanka za ka hana?"

Yac ce, "Shi ya sa. Ba ni ƙarasa ka." Ya mai da ƙahon cikin zabira.

Na yi fushi, na ƙi tuwo. Amma ƙwayar dare na haɗiye ta a ɓoye, kada Hajo ta ji daɗi. Yanzu yatsana na kan jijiyar. Kamar wani abu ya motsa. Ko yatsan ne ke rawa?